Ƙafafun Jar Datsun

Ranar Juma'a, sha tara ga watan Agusta, tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana, aka shiga gidana a Badarawa aka sace ƙafafun motata na gaba.

Ga wanda bai taɓa zaman gareji ba, in bakanike ya ce ƙafar mota yana nufin abin da ke tsakanin taya da gangar jiki, wato abzoba da sifirin ɗin da ya naɗe ta. Su ne ke shanye ramin hanya kafin ya iso ƙugunka. Motar Datsun ce, ja, mai ƙofa biyu, ƙirar 1980. Ta hannu na saya, shekarar da na auri Juwairiyya, lokacin ina ƙaramin sufeton makarantu mai ji da kansa. Kujeru biyu gare ta. Surukata ta ce motar marowata ce, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ta shekara tara a tsakar gida ƙarƙashin tamfol. Da na yi ritaya na yaye shi na ce da hannuna zan tashe ta. Ina da littafin gyaranta, shafi ɗari huɗu, na karance shi sau biyu da jan biro a hannu, yadda nake karanta komai. Inji ya ci mini shekara uku. Ƙafa ce ta rage. Ban nemi bakanike ba, domin mutum ɗaya ne a unguwar ya san irin motar nan ciki da waje, shi ne Habibu, ƙanin matata, kuma shekara biyu ke nan ba ma magana.

Ciwon suga ne ya kama ƙafar Juwairiyya. Ɗan gyambo ne a yatsa. Ta ce a je asibiti, na ce a bari zuwa Litinin, na karanta a kan irin wannan. Litinin uku suka wuce. Ranar sadakar uku da rasuwarta, a gaban jama'a, Habibu ya dube ni ya ce, "Farfesa, da ƙafar Datsun ce ta yi ƙara, da tun ranar ka kwanta ƙarƙashinta."

Farfesa sunan tsokana ne da ya laƙaba mini tun ina zuwa zance gidansu. Ranar ce karo na farko da ya faɗe shi babu dariya. Na ce ya fita mini daga gida, ya fita. 'Yata Umaima ta yi ta kai-kawo tsakaninmu har ta gaji. Cikin duk masu rai, shi kaɗai ya rage wanda zan zauna da shi mu yi hirar Juwairiyya ba sai na fara bayanin wace ce ita ba. Na san haka. Shi ma ya sani. Kowa na jiran ɗaya ya fara.

* * *

Sifirin na mota a matse yake zaune, nauyin rabin mota na kansa. Kafin a kwance notin sama a canza abzoba, dole a riƙe shi da ƙarfen matsewa, wani abu mai haƙora da dogon zare. Littafi ya faɗi haka da manyan baƙaƙe. Habibu na da ƙarfen, ni ba ni da shi. Don haka na yanke hukuncin cewa marubucin bai san ƙasar nan ba. Ranar Alhamis, tun motar na ƙasa, na ɗaɗɗaure sifirin ɗin da waya, na ɗaga ta da jak, na ɗora ta kan bulo huɗu, na zare ƙafafun biyu na jingine su da bango kusa da sababbin abzoba a kwalinsu. Na ce ranar Juma'a in na dawo daga masallaci sai in kwance notin.

Na dawo na tarar da bango kawai.

Kafin la'asar tsakar gidana ya cika da mutanen da ba su taɓa shigowa gaishe ni ba. Kowa ya zo da nasa ɓarawon. 'Yan sintirin unguwa ba su ɓata lokaci ba, suka cafke Kabiru, baban bola da ke bi layinmu da kurarsa yana sayen gwangwani. Laifinsa shi ne an gan shi ranar, kamar yadda ake ganinsa kowace rana.

Mai Unguwa ya ce, "Malam Abdurrahim, kai wa kake zargi?"

"Duk mai hannu biyu."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce a kira Zakariyya.

* * *

Zakariyya mai bin sawu tsoho ne gajere daga Unguwar Shanu. Ya shekara arba'in yana bi wa fataken dabbobi sawun shanun sata har cikin daji. Da shanun sata suka koyi hawa mota, sai ya dawo bin awaki da janareto. Ya iso da tsinken tsintsiya maƙale a bayan kunne, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon laka. An yi ruwa da safe.

"Mutum nawa suka shigo, Yallaɓai?"

"Unguwar duka."

"Allah ya saka musu. Sun taya ɓarawon aiki."

Ya zaga motar sau ɗaya, hannuwa a baya. Ya nuna batir da haɓa.

"Sabo ne?"

"Sabo ne."

"Akwatin sifanun nan ma a nan ka bar shi?"

"A nan."

"Bai ɗauki ko ɗaya ba?"

"Ka gani ai."

"Kwaɗon ƙofa ba a fasa ba. Makulli fa?"

"Saman ƙofa, inda matata take ajiyewa."

"Wa ya san wurin?"

"Mai ruwa, danginta, dangina, da kajin maƙwabta."

Bai yi dariya ba. Ya fita ya bi jikin katanga, inda 'yan kallo ba su taka ba saboda kwata. Ya tsuguna, ya zaro tsinken ya auna wani layi a cikin laka, ya karya shi daidai faɗin.

"Baro ne. Da ya shigo ba kaya, da ya fita ya nitse. Kuma wannan ba tayar baro ba ce, ta Vespa ce aka sa masa."

Muka bi layin. Ya wuce injin niƙa, ya kauce wa wani rami, ya hau babban titi ya ɓace. Zakariyya ya daɗe yana kallon kwaltar kamar ta zagi mahaifinsa.

"Gobe," ya ce.

* * *

Asabar da hantsi muka fara da Iya Kulu, tsohuwar da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa a bakin layinmu. Ba ta tashi daga wurin sai magariba, kuma Juma'a ba ta hau kanta ba.

"Iya, jiya da rana wa ya wuce da baro?"

"Malam Zakari, ido ya tafi. Ko kai sai da ka yi sallama na gane mutum ne ba turmi ba."

Tana faɗin haka tana zura zare a allura. Sau ɗaya ta gwada ya shiga.

"Kunnen fa? Baro ai ƙara gare shi."

"Kowa na masallaci, wa zai tura baro? Sai dai aljani." Ta juyo gare ni. "Malam, kana cin abinci kuwa? Wuyan rigar nan ya yi maka yawa."

Da muka yi nisa Zakariyya ya ce, "Ta gan shi sarai. Ta fi ƙaunarsa a kanka ne kawai."

"Wannan bai rage kowa daga cikin waɗanda ake zargi ba," na ce.

Kabiru na zaune a ƙasa a ɗakin 'yan sintiri, leɓensa a kumbure. Magidanci ne, zai yi shekara talatin da biyar, a Rafin Guza yake haya.

"Baba, wallahi gwangwani nake saye da ruɓaɓɓen ƙarfe. Sabon abu ko a bola na gan shi tsoro yake ba ni."

Zakariyya ya sa shi ya yi taku biyar a waje, ya duba. Ya duba kurarsa da aka kife a gefe. Taya biyu, sirara, na keke.

"Ba shi ba ne. Ku sake shi."

Shugaban 'yan sintiri ya ce, "Sai mai kaya ya ce. In ba a samu kayan ba zuwa Litinin, ofishin 'yan sanda za mu kai shi."

Duk suka dube ni. Na ce, "Kura ce tasa, amma baro ana aro."

Kabiru ya ce, "Alhaji, matata ba ta san inda nake ba."

Na ce a aika a gaya mata. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin kirki.

Na uku shi ne Sharhabil, maƙwabcina, mai sayar da kayan mota a Panteka. Shekara biyar yana bina in sayar masa da Datsun ya yanka ta, ya rarraba ta gunduwa-gunduwa. Muka same shi yana wanke motarsa.

"Haba Alhaji! In ni ne, fitilun gaban nan zan cire. Su ne ba a samu. Abzoba ai ko a kan tebur ana zuba ta."

"A ina ka yi Juma'a?" in ji Zakariyya.

"Sahu ɗaya da Mai Unguwa. Ya taka mini yatsa ma, bai ce sannu ba. Alhaji, tunda ba ta da ƙafa yanzu, mu yi maganar nan mana."

Na juya na yi tafiyata. A hanya na ce wa Zakariyya tambayarsa ta banza ce, ranar Juma'a kowa zai ce yana masallaci, har wanda bai san alƙibla ba.

Ya ce, "Masallacinku biyu da kwata ake tayarwa. Na tsallaken titi ƙarfe ɗaya. Wanda ya yi ta ɗaya, ƙarfe biyu ya sauke farali, hannunsa a sake, kuma ya san kai kana sahu ba inda za ka. Wa ka sani da ke salla a tsallake?"

Garejin Habibu na bayan wannan masallacin. Shekara talatin a can yake Juma'a.

"Rabin unguwa," na ce.

* * *

Bayan la'asar muka koma gidana. Zakariyya ya cire hularsa ya miƙa mini, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashin motar yana nishi. Ya ɗan jima.

"Yallaɓai, bulon nan huɗu, yaya ka ajiye su?"

"A kwance. Ramukan na kallon gefe."

"Sunkuyo."

Na sunkuya. An juya su duka huɗun, ramukan na kallon sama. A kan kowanne an ɗora guntun katako mai kauri, tsakanin bulo da ƙarfen mota. Yankan zarto sabo ne. Ba ni da katako irin wannan a gidana, kuma kwana ɗaya da yini ina zaga motar ban gani ba, saboda bangon da babu komai nake ta kallo.

Ya fito ya zauna a kan buhun yana kaɗe gwiwa.

"Bulo in ramukansa na kallon gefe, fashewa yake yi, ba ya sallama. Kafin a juya waɗannan sai an sake ɗaga motar da jak, gefe-gefe. Mutum ya shigo sata, yana da minti arba'in, ya kashe ashirin yana gyara wa mota zama. Shekara arba'in ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya kwance saniya sannan ya tsaya gyara wa mai ita turke ba. Ɓarawon nan tsoro yake kada mota ta faɗo maka."

Na sake leƙa katakon.

"Da me ka ɗaure sifirin ɗin?"

"Waya."

"Wace iri?"

"Ta ɗaurin rodi. Na ninka ta huɗu."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya karɓi hularsa.

"Ga shawara, ba ka tambaya ba. Ka je yanzu ka ce a saki mai bola. Ka ce ka yafe kayan. Ka mayar da makulli saman ƙofa, ranar Litinin ka tafi kasuwa ka daɗe. Ina jin ƙafafun nan da kansu za su tako gida."

"Ɓarawo na sa ka nemo, ba wa'azi ba."

"Na samo shi. Kai ma ka samo shi."

Gaskiya ya faɗa. Tun da na ga katakon na san hannun da ya yanka shi. Ya kamata in ji wani abu mai laushi a ƙirjina, kuma ina jin na ji shi na ɗan lokaci. Amma abin da ya zauna shi ne wannan: mutumin da bai gama firamare ba ya shigo gidana ba na nan, ya bi aikina ya gyara, yadda na shekara talatin ina bin aikin malaman ƙauye. Bai ma bar mini damar musu ba.

Na ce, "Gobe bayan la'asar, a ƙofar Mai Unguwa. A gaban kowa nake so a kira sunansa."

"Mai bola fa?"

"Kwana ɗaya ba zai kashe shi ba."

* * *

Lahadi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mai Unguwa. Aka kawo Kabiru. Sharhabil ya zo da kujerarsa ta roba. Iya Kulu ta matso da farantinta, wai a nan ciniki yake. Mutum ya kai hamsin.

Zakariyya bai iya jawabi ba, a zaune ya yi magana, yana kallon tabarma.

"Ranka ya daɗe, mai bola ba shi ba ne. Kurarsa taya biyu, ta ɓarawo ɗaya. An dake shi a banza, an kwanar da shi biyu a banza. Mai kayan mota ba shi ba ne, yana sahunka."

"Ya taka ni ma," in ji Sharhabil.

"Yi mana shiru," in ji Mai Unguwa. "To wane ne?"

"Yau da safe na tsallaka titi ni kaɗai. Bayan masallacin can na sake samun sawun baron." Ya zaro karyayyen tsinken ya ajiye a gabansa. "Na bi shi har inda ya kwana. Na yi sallama, na gaya wa mai shi cewa akwai bawan Allah a tsare saboda shi. Bai sani ba, ba ya gida tun Juma'a da yamma. Ya ce in ba shi zuwa la'asar. Sunansa kuwa, da bakina ba zan kira shi ɓarawo ba. Wanda ya matsu ya kira."

Sai muka ji ƙarar baro.

Habibu ne ya shawo kwana. Ya rame fiye da yadda na san shi, gemun ya yi fari fat. Da hannun hagu yake riƙe da baron, ɗaya mariƙin ya tokare shi da ƙugu, yana tafe baron na karkacewa. Hannun damansa na cikin babbar riga. Jama'a suka buɗa masa. Ya ajiye baron a gabana ya yaye buhun da ke kai.

Ƙafafun biyu ne, a haɗe. Sababbin abzoba a ciki, sifirin an kankare tsatsa an shafa baƙin fenti, robobin sama sababbi waɗanda ni ban ma san sun mutu ba. Ya sa alli ya rubuta a jikin kowacce, da irin rubutunsa na ɗan aji uku: dama, hagu.

"Farfesa," ya ce, "ga ƙafafunka."

Da ya sunkuya, rigar ta zame kaɗan. Na ga bandeji, mai kauri, har wuyan hannu, gefensa ya yi rawaya da magani. Na ga kuma tsawonsa bai kai yadda hannu yake kaiwa ba. Na karanta shafin nan sau biyu, na ja masa layi. Na san abin da sifirin ke yi in ya kuɓuce, na kuma san inda fuskata za ta kasance ranar Juma'a da ƙarfe uku da rabi.

Mai Unguwa ya ce, "To, Malam Abdurrahim. Ga kaya, ga wanda ya ɗauka. Surukinka ne. Me ka ce?"

Mutum hamsin na jira. Habibu ma na jira, ya ɗan karkata kai yadda yayarsa take yi. Ban taɓa rasa kalma ba a rayuwata, kuma ranar ma ban rasa ba.

Na ce, "A duba ko kayan sun cika."

Iya Kulu ta ce, "Innalillahi." Zakariyya ya ɗauki tsinkensa ya jefar a kwata.

Habibu ya yi 'yar dariya, ba mai ɗaci ba, irin ta wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Ya sa hannun hagu a aljihu ya fito da wani murɗaɗɗen abu ya ajiye a kan buhun.

"Sun cika. Har wayarka na kawo maka. Ɗaya ta tsinke, ka yi haƙuri."

Ya juya wurin Kabiru ya durƙusa, dattijo mai shekara sittin a gaban baban bola.

"Ɗan'uwa, ni na ja maka. Ka yafe ni."

"Na yafe, Baba," in ji Kabiru. Ni bai dube ni ba, kuma tun daga ranar kurarsa ba ta sake bi ta layinmu ba.

Habibu ya tashi ya tafi. Baron ma a nan ya bar shi.

* * *

Umaima ta zo washegari, ba ta zauna ba. Ita ce ta ga wayar ranar Alhamis da ta kawo mini miya, ta ɗauki hoto ta nuna wa kawunta, don ta san in ita ta yi magana zan kawo mata lambar shafi.

"Ya ce in ya zo ya gaya maka, Baba, a gabansa za ka kwance notin don ka nuna masa. Ya ce gara ya ɗauke, ya haɗa, ya mayar ranar Asabar kana barcin rana, ka ɗauka aljanu ne. Ƙafa ta farko ta yi lafiya. Ta biyu yana cikin ɗaura ƙarfen matsewa wayar ta tsinke. Yatsa biyu aka cire. Na uku ba ya lanƙwasuwa."

"Wa ya ƙarasa ta biyun?"

"Shi. Daga asibiti gareji ya wuce. Maƙwabcinsa na riƙewa yana ɗaurewa da hagu." Ta gyara mayafinta. "Yana gida. Kowa ya je dubiya, har Sharhabil. Ba sai ka ce komai ba, Baba. Ka zauna kawai."

Na ce zan je.

Na yi niyya, wannan Allah ya sani. Amma na ga bai dace in je hannu sake ba, gara in ɗaura ƙafafun tukuna, in je da motar, ya ji ta da kunnensa. Ɗaurin ya ci mini wata guda, ina bin allinsa, dama a dama, hagu a hagu, ina kwance ƙarƙashin mota a kan katakonsa. Da na gama sai na ga ai sai an saita tayoyi. Da aka saita sai na tsaya shirya abin da zan faɗa. Na rubuta shi ma, sau uku. Na farko ya yi kama da takardar neman afuwa ta ofis. Na biyu ya fi kare ni fiye da ba shi haƙuri. Na uku yana da kyau ƙwarai, har yanzu yana cikin littafin motar.

Sau biyu na tuƙa har bakin masallacin tsallake, na hango garejin a rufe, na yi kwana. Bakanike da yatsa biyu da rabi a hannun dama ba bakanike ba ne. A watan Nuwamba ya sayar da kayan aikinsa ya koma wurin ɗansa a Funtua. Na ce da an sha ruwa, bayan Salla, zan je, tafiya mai nisa ta fi nuna girmamawa.

Ya rasu ranar sha ɗaya ga azumi. Hawan jini, aka ce. Ba ruwan hannun.

Da Datsun na je gaisuwa. Hanyar nan duk wanda ya bi ta ya san ramukanta. Motar ta shanye su ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, ba girgiza, ko ƙwas ban ji ba tun daga Kawo har ƙofar gidan. Ban taɓa jin ta haka ba ko tana sabuwa a hannuna. Na yi fakin nesa da tabarmin makoki don kada a tambaye ni wa ya yi mini aikin.

Na sha haɗuwa da Zakariyya bayan nan, yana amsa sallamata, ba ya ƙarawa. Sau ɗaya kawai, a bakin kasuwa, na tsayar da shi na ce na rubuta wa marigayin takarda, lokaci ne bai ba ni dama ba.

Ya ce, "Takarda, Yallaɓai? Mutum ya ji ciwo, me ake ce masa?"

Ya wuce da akuyar da ya samo wa wani.

Yaro ɗan shekara huɗu ya san amsar. Ana faɗa wa wanda ya yi tuntuɓe a hanya, ana faɗa wa baƙon da ba a san sunansa ba. Yana tsaye a gabana ranar nan, taku ɗaya tsakaninmu, hannun na cikin riga, yana jira.

Sannu, Habibu. Yaya hannun?